Sauƙaƙa tsarin diyapo wajen gabatar da darasi a jami'a

1. Gabatarwa

Na'urar majigi da kwamfuta sun zama kayan aiki na yau da kullum a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da kuma jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa waɗanda aka kafa a shekarar 2010. Malami yana amfani da su a darasi, ɗalibi kuma yana amfani da su ranar kare kundinsa na mastar ko na doktora. Kowane shafi da ake haskawa a bango shi ne muke kira diyapo, kuma da wannan suna za mu ci gaba da kiran sa.

Samun kayan aikin bai kawar da wata tsohuwar matsala ba, watau yadda ilimi zai fito daga bakin malami ya zauna a kan ɗalibi. Sau da yawa ma ya ƙara ta. Akan ga diyapo cike da rubutu tun daga sama har ƙasa, malami ya juya wa aji baya yana karantawa, ɗaliban gaba suna kwafa da sauri, na baya kuwa sun ɗaga salula suna ɗaukar hoton abin da ba sa iya gani. A wajen kare kundi, ɗalibin da ya share shekara biyu yana bincike yakan ɓata minti goma sha biyar ɗin da aka ba shi wajen karanta shafuka 40.

A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa tushen matsalar guda ne: ana ɗora wa diyapo aikin da ba nasa ba, aikin takardar darasi wadda muke kira polikopi. Za mu duba asalin kayan aikin, da abin da bincike ya tabbatar game da ƙwaƙwalwar mai sauraro, sannan mu kawo ƙa'idojin da suka dace da ɗakunan karatunmu da kuma rubutun Hausa.

2. Asalin kayan aikin

Kafin kwamfuta ta yaɗu, malamai suna rubutu ne a kan wasu takardun roba masu shara-shara, su ɗora su a kan fitilar majigi. Kowace takarda kuɗi ce, rubuta ta da hannu kuma aiki ne. Saboda haka malami ba ya sa komai a kanta sai abin da allo da alli ba za su iya nunawa ba, kamar taswira ko zane mai wuya.

Manhajar PowerPoint, wadda Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙirƙira a kamfanin Forethought na Amurka, ta fito a 1987, kuma aikinta na farko shi ne buga irin waɗannan takardun roba, da baƙi da fari kawai. A cikin shekarar ce kamfanin Microsoft ya saye ta a kan dala miliyan 14. Ya kamata a lura cewa an tsara ta ne domin tarurrukan kamfanoni, inda ake son taƙaita shawara a gaban shugabanni. Daga can ne muka gaji shafin da manhajar take buɗewa da shi: gajeren take a sama, jerin layuka masu ɗigo a ƙasa.

Da majigin da ake haɗawa da kwamfuta ya zo, sai ƙarin shafi ya daina cin ko dala. Tsadar da take tilasta wa malami zaɓe ta kau, aikin zaɓen kuma ya koma hannunsa shi kaɗai. Manhajojin da suka biyo baya, irin su Beamer a 2003, da LibreOffice Impress, da Google Slides, da Canva a 2013, da waɗanda a yau suke ƙera diyapo da kansu daga rubutun da aka ba su, duk sun sauƙaƙa aikin mai shiryawa. Sauƙin da muke nufi a nan kuwa na mai kallo ne, kuma wannan babu manhajar da take samar da shi da kanta.

3. Abin da bincike ya nuna

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake riƙe sabon abu na ɗan lokaci yana da ƙunci ƙwarai. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abubuwa wajen 7 ne yake iya riƙewa a lokaci guda. Nelson Cowan, a 2001, ya rage adadin zuwa wajen 4. A 1974 kuma Alan Baddeley da Graham Hitch sun bayyana cewa wannan ɓangare yana da hanyoyi dabam-dabam: ɗaya ta kalmomi, ɗaya ta siffofi da wurare. Abin lura shi ne, rubutun da ido ya karanta yana komawa kalmomi ne a cikin kai, watau yana bin hanyar da maganar malami take bi.

A kan wannan tushe ne John Sweller na Ostareliya ya gina ra'ayinsa na nauyin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa, tun daga 1988. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya kuma ya tattara gwaje-gwajensa a wani littafi da ya fito a 2001. Huɗu daga cikin sakamakonsa sun shafe mu kai tsaye. Na farko, ɗalibi ya fi fahimta idan an haɗa magana da zane fiye da magana kaɗai. Na biyu, ƙawa da hotuna da sautin da ba su da alaƙa da darasi suna rage fahimta. Na uku, idan ana nuna zane ana bayani da baki, ƙara rubuta bayanin duka a kan allo yakan hana ruwa gudu. Na huɗu, sunan kowane sashe na zane ya kamata ya zauna kusa da sashen, kada ido ya yi ta kai da kawowa.

Sakamako na uku shi ne aka fi saɓawa. Idan malami yana magana, bango kuma cike da jimloli, dole ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ko ya karanta ko ya saurara. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci a wurinmu. Binciken ya nuna cewa rubutu kaɗan a kan allo yana taimakon mai koyo da harshen da ba nasa ba, haka kuma idan kalmomin fannin baƙi ne. Mafi yawan ɗalibanmu suna karatu ne da Faransanci alhali harshen gida dabam ne. Ke nan ba za mu kore rubutu gaba ɗaya ba. Kalmar fanni, da sunan masani, da shekara, da lamba, su ne suka cancanci a rubuta. Bayaninsu kuwa aikin baki ne.

4. Misali daga wajen aji

Cunkushe diyapo yana iya ɓoye magana mafi nauyi, kuma akwai misali sananne. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse yayin dawowa duniya, mutane 7 da ke ciki suka rasu. Tun lokacin tashinsa wani guntun soso ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka gabatar wa shugabannin aikin nazarin ɓarnar a kan diyapo.

Edward Tufte, masanin tsara ƙididdiga, ya yi wa ɗaya daga cikin shafukan filla-filla. Takensa yana kwantar da hankali. Layukansa sun kasu matakai 6, wani ƙarƙashin wani. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka ambata cewa guntun da ya bugi kumbon ya fi wanda aka yi gwaji da shi girma nesa ba kusa ba, kimanin sau 640. Kwamitin da ya binciki haɗarin ya soki yadda diyapo ya maye gurbin cikakken rahoton fasaha, a rahotonsa na watan Agusta 2003. Ba diyapo ne ya karya fiffiken ba, kuma dalilan haɗarin suna da yawa. Abin da ya shafe mu shi ne abubuwa biyu: mai kallo yana gaskata take fiye da komai, kuma hujja mai sarƙaƙiya wurinta cikakken rubutu ne.

5. Ƙa'idojin sauƙaƙawa

5.1. Raba diyapo da polikopi

Dalilin da ya sa malamai da yawa suke cika diyapo sananne ne, kuma ba na banza ba ne: littattafai sun yi ƙaranci, ɗalibai kuma suna roƙon abin da za su yi bita da shi. Sai a shirya abu ɗaya domin aiki biyu, ya fito ya yi wa bango yawa, ya yi wa bita kaɗan. Mafita ita ce a fara rubuta polikopi da cikakkun jimloli, da ma'anoni, da jadawalai, a ba ɗalibai a takarda ko ta salula kafin darasi. Daga nan sai a tambayi kai: mene ne a cikin darasin nan ba a fahimta sai an gani? Amsar ita ce za ta hau diyapo. Ɗalibin da ya san rubutun yana hannunsa yakan ajiye kwafa ya saurara.

5.2. Shafi ɗaya, magana ɗaya

Michael Alley, malamin koyar da injiniyoyi rubutu a Amurka, ya ba da shawarar a mai da take cikakkiyar jimla mai faɗin abin da ake son a riƙe, a cika sauran shafin da hujjar da ido zai gani. Bari mu ɗauki darasin yawan jama'a. Tsohon salo zai sa take kamar haka: Yawan jama'ar Nijar, a biyo shi da layuka takwas. Sabon salo zai ce: Jama'ar Nijar ta ninka fiye da sau 3 tsakanin 1977 da 2012. Ƙarƙashinsa sai sanduna 4 na ƙidayar ƙasa: kimanin miliyan 5 da dubu 100 a 1977, miliyan 7 da dubu 250 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 da dubu 100 a 2012. Dalilan ƙaruwar malami ne zai faɗe su.

Wannan hanya tana da wani amfani ga mai shiryawa. Idan ya kasa rubuta taken a jimla guda, alama ce cewa shafin ya ƙunshi magana biyu, sai ya raba shi. Idan kuma aka karanta takun duka a jere, ya kamata su ba da zaren darasin daga farko zuwa ƙarshe. Muna ba ɗalibin mastar shawara ya yi wannan gwaji kafin ranar kare kundi. Shafuka 10 zuwa 12 sun isa minti 15.

5.3. Girman haruffa

Ana iya lissafa wannan. Tsayin shafin PowerPoint na yau da kullum santimita 19 ne, daidai da awo 540 na ma'aunin haruffa. Mu ɗauka hoton da majigi ya haska a bango yana da tsayin mita 1 da rabi. Rubutu mai lamba 12 zai ɗauki wajen santimita 3 da ɗan ɗoriya, ƙananan haruffa irin su a, e, o kuma wajen rabin haka. A ma'aunin likitocin ido, lafiyayyen ido yana bukatar harafi mai tsayin kusan milimita 9 a nisan mita 6, watau sama da santimita 2 a nisan mita 15. Ke nan ɗalibin da ke zaune a mita 15, ko da idonsa garau yake, ba zai karanta lamba 12 ba. Lamba 24 kuwa tana haye wannan iyaka. Saboda haka muna ganin kada a sauka ƙasa da 24 a jikin shafi, take kuma ya kai 32 ko fiye. A babban amfi sai a ƙara.

Akwai gwaji mai sauƙi. Idan nisan kujerar ƙarshe ya ninka tsayin hoton sau 10, sai malami ya ja da baya daga kwamfutarsa ta hannu har nisan da ya ninka tsayin allonta sau 10, watau wajen mita 2. Abin da bai karantu daga nan ba, ba zai karantu a bayan aji ba.

5.4. Launi, haske da motsi

Ɗakunanmu suna da tagogi manya, kuma saboda zafi ba a iya rufe su. Majigi ba ya haska baƙi: baƙin da ake gani a bango rashin haske ne kawai, hasken rana kuwa yana wanke shi. Shi ya sa shafi mai duhu da ya yi kyau a kwamfuta yake dusashewa da rana. Baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi jurewa. Launi ɗaya ya isa a ƙara, domin nuna wurin da ake son ido ya tsaya. A guji bambanta abu biyu da ja da kore kaɗai, domin akwai mutane, galibi maza, da ba sa rarrabe su.

Rubutu mai tsalle ko juyawa ba ya koyar da komai. Motsi ɗaya ne yake da amfani, shi ne fito da zane mataki-mataki, daidai da tafiyar bayani. Wannan shi ne abin da alli ya saba yi tun da can.

6. Abin da ya shafi rubutun Hausa

6.1. Haruffa masu ƙugiya

Bambancin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ko da da ɗa, ɗan ƙaramin lanƙwasa ne a kan harafi. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta, shi ne yake fara ɓacewa, don haka dokar girman haruffa ta fi tsanani a Hausa. Matsala ta biyu ta kwamfuta ce. A da, ana amfani da wasu samfuran haruffa na musamman da suke aron gurbin wani harafi su sa ƙ ko ɗ a ciki, kuma da zarar an buɗe rubutun a wata na'ura sai ya rikice. A yau ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu duk suna da lambobinsu a tsarin Unicode, amma ba kowane samfurin haruffa ne yake ɗauke da su ba. Inda babu su, manhaja takan aro su daga wani samfuri, su fito ba daidai da sauran ba, ko kuma a ga akwati a gurbinsu. Samfuran Charis SIL, Andika da DejaVu Sans suna ɗauke da su, kuma kyauta ne. Na SIL ɗin sun fi dacewa idan za a sa alamomin karin sauti da na tsawon wasali. A kuma tsaya kan ƙa'idar rubutu guda: ƙa'idar Nijar ta 1999 tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y.

6.2. Harsuna biyu a shafi ɗaya

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ana iya tsammanin gabatarwa da harsuna biyu za ta ƙaru. Haɗarin shi ne a fassara kowane layi, rubutu ya ninka. Shawararmu ita ce take ya kasance da harshen da ake darasin da shi, kalmomin fanni kaɗai a jera su da harsunan biyu gefe da gefe. Cikakkiyar fassara ta tafi polikopi.

6.3. Misali: rukunonin aikatau

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa rukuni 7, da siffofin da suke iya kai 4 gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Jadawalin duka yana da gurabe masu yawa, kowace siffa da karin sautinta. Haska shi gaba ɗaya a darasin farko ya wuce abin da ƙwaƙwalwa take riƙewa nesa ba kusa ba. Ga yadda za a warware shi. Shafi na farko ya ɗauki take kamar haka: Wasalin ƙarshe na rukuni na 2 yana sauyawa da abin da ya biyo baya. Ƙarƙashinsa misalai 3 kawai: ya saya, ya saye shi, ya sayi littafi, a sa wa wasalin ƙarshe launi. Shafi na biyu ya nuna yadda saiwa ɗaya take ratsa rukunoni: saya, sayar, sayo, sayu. A nan malami zai iya tsayawa ya nemi ɗalibai su kawo nasu misalai daga karin harshen Damagaram ko na Adar, ya rubuta su a allo. Cikakken jadawalin yana cikin polikopi, ana iya haska shi a ƙarshe domin taƙaitawa, lokacin da ido ya riga ya san abin da zai nema.

7. Zaɓen manhaja da yanayin aiki

Duk manhajojin da muka ambata suna iya fitar da shafi mai sauƙi. Abin dubawa shi ne wacce za ta yi aiki ranar da ake bukata. Google Slides da Canva sun dogara ƙwarai ga intanet. LibreOffice Impress kyauta ce kuma ba ta bukatar sa. Beamer ta dace da masu lissafi da masu nazarin harshe da suka saba da LaTeX. Ko da wacce aka yi aiki, muna ba da shawarar a fitar da kwafi a tsarin PDF, domin yana tafiya da haruffansa, yana buɗuwa a kowace kwamfuta da salula, kuma ba shi da nauyi wajen aikawa.

A kuma san majigin ɗakin tun da wuri. Daga 2013 PowerPoint tana buɗewa da shafi mai faɗi, 16 bisa 9, alhali tsofaffin majigai na 4 bisa 3 ne. Idan aka haska mai faɗi a cikinsu, hoton yana raguwa da kashi ɗaya cikin huɗu a tsayi, haruffa ma haka. Yawancin tsofaffin suna da mahaɗin VGA, sababbin kwamfutoci kuwa HDMI, sai a tanadi abin haɗawa.

Sai batun wuta. Ɗaukewarta a watannin zafi ba baƙon abu ba ne, kuma a watan Agusta 2023, da Nijeriya ta tsayar da wutar da take ba Nijar, an yi watanni ana fama. Malamin da darasinsa duka yake cikin diyapo 60, wuta na ɗaukewa darasi ya tsaya. Wanda yake da shafuka 10, kowane da jimla guda da zane guda, zai iya kwafe su a allo ya ci gaba, ɗalibai kuma su duba zanen a salularsu.

8. Kammalawa

Mun nuna cewa sauƙaƙa diyapo ya dogara ne ga raba aiki uku: polikopi ya ɗauki cikakken rubutu, baki ya ɗauki bayani, diyapo ya ɗauki abin da sai an gani. Daga wannan rabo ne sauran ƙa'idojin suka fito, watau take mai cikakkiyar jimla, haruffa daga lamba 24 zuwa sama, baƙi a kan fari, samfurin haruffa mai ɗauke da ƙugiyoyin Hausa, da kwafin PDF.

Muna ba sashe shawarwari biyu. Na farko, a shirya samfurin shafi guda na bai-ɗaya, wanda aka riga aka daidaita haruffansa da girmansu, a raba wa malamai da ɗalibai. Na biyu, a ware zama ɗaya a darasin dabarun bincike na mastar inda kowane ɗalibi zai haska shafukansa a ɗakin da zai kare kundi, abokansa su zauna a kujerun ƙarshe su gaya masa abin da suka iya karantawa da abin da suka riƙe.